Wane aiki kamfanonin kula da marasa lafiya a gida suke yi?

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallame ta daga asibiti, mu kuma duk muna zuwa aiki. An ce mu nemi kamfanin da ke turo masu kula da mutum har gida. Me suke yi, kuma ina bambancinsu da mu ɗauki 'yar aiki da kanmu?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ya saka muku da alheri. Kafin ki kira kowa, ki tantance abin da take iya yi wa kanta. Ma'aunin da likitan Amurka Sidney Katz ya fitar a 1963, wanda har yau ake aiki da shi, abu 6 yake dubawa: wanka, sa tufafi, zuwa banɗaki, tashi daga gado zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, sai cin abinci. Waɗanda suka gagare ta su za su nuna irin ma'aikaciyar da kuke buƙata, da awa nawa a rana.

Aikin kamfanonin iri biyu ne, kuma a nan iyalai suka fi ruɗewa. Mai taimako tana yi wa mara lafiya wanka, ta shirya ta, ta dafa abinci, ta gyara ɗaki, ta tuna mata lokacin magani, ta raka ta asibiti. Allura kuwa, da wankin miki, da sauya robar fitsari, aikin ma'aikaciyar jinya ne mai lasisi. Motsa gaɓoɓin da suka shanye na likitan gashin ƙashi ne. Kamfani da yawa na farkon kaɗai suke yi, don haka ki tambaya a fili.

Ga mai irin ciwon Mama abu biyu nake tsoro. Idan ba ta iya juyawa da kanta, sai an riƙa juya ta kamar duk awa 2, in ba haka ba gyambon kwanciya ya fito a ƙugu da dugadugai, kuma warkewarsa ba wasa ba ce. Na biyu haɗiya: shanyewar jiki kan raunana maƙogwaro, abinci ya bi hanyar iska ya jawo ciwon huhu. Duk wadda ba ta san a zaunar da ita sosai kafin a ba ta abinci ba, kada ku bar mata Mama, komai kirkinta.

Kamfani ya fi tsada, babu shakka. Abin da kuke saya da ƙarin kuɗin shi ne binciken halin ma'aikaciya, horo, rubutaccen tsarin kulawa, da wadda za ta maye gurbi ranar da taku ba ta zo ba. Idan ku kuka ɗauka, duk wannan a wuyanku yake.

Biyan kuɗi da sa ido sun danganta da ƙasar da kuke. Jamus ta kafa inshorar kulawa ta dogon lokaci a 1995, Japan a 2000. A Amurka, Medicare, wato inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, ba ya biyan taimakon wanka da girki idan shi kaɗai ake buƙata. A Ingila hukumar CQC ke yi wa kamfanonin rajista, tana kuma wallafa sakamakon bincikenta. Inda babu irin wannan hukuma, ki nemi takardar rajistarsu, ki yi magana da iyalin da suka taɓa yi wa aiki. Ki kuma sa a rubuta a yarjejeniya cewa mace ɗaya ko biyu za su riƙa zuwa, domin wadda ta saba da jikin Mama ce za ta fara lura idan fata ta yi ja ko magana ta canza.