Ɗana, ga amsarka kan shuka kuka

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kana son shuka kuka a filinka, amma an tsorata ka da cewa gidan iskoki ce, kuma wanda ya shuka ta ba ya cin ƴaƴanta.

Maganar iskoki daga tsofaffin kukoki masu kogo ta samo asali, inda masu bori suke kai yanka. Abin da za ka kiyaye da gaske shi ne saiwa: tana tafiya nesa a kusa da saman ƙasa, tana tsaga gini. Ka ba ta tazarar mita 10 ko fiye daga ɗaki da rijiya. Magana ta biyu kuwa da ƙamshin gaskiya, domin takan haura shekara 10 ba ta yi ƴaƴa ba. Amma mu Maradi don miya muke son kuka, ganye kuma tun tana ƙarama ake samunsa.

Fara da zaɓen uwa. Ba kowace kuka ke da daɗin miya ba, wata ganyenta da ɗaci. Tambayi matan unguwa wadda suke rububin ganyenta, ka samo busasshen ɗanta, ka fasa, ka wanke farin garin har guntsu ya fito tas. Wanda ya taso saman ruwa ka zubar.

A nan mutane suke faɗuwa. Ɓawon guntsu tauri gare shi, in ka binne shi haka nan sai ya yi watanni bai motsa ba. Tafasa ruwa, ka sauke daga wuta, ka zuba irin, ka bar shi kwana ɗaya cur. Kada ka dafa shi bisa wuta, kashe shi za ka yi. Ko kuma ka goga gefe ɗaya a dutse har ɓawon ya yi siriri, kada dai ka taɓa ƙwayar ciki. Wanda ya kumbura shi ya shirya.

Cika leda mai zurfi da rairayi kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, ka huhhuda gindinta. Sa iri 2, zurfin gaɓar yatsa. Cikin mako 1 zuwa 3 za ka ga tsiro. Ruwa kaɗan-kaɗan: saiwarta tana kumbura kamar rogo tana ajiyar ruwa, in ƙasa ta daɗe jagab sai ta ruɓe. Shuka a watan 4, ka dasa a watan 7 da damina ta zauna, a ramin rabin mita, inda ruwa ba ya kwanciya. Ranar da ka dasa, ranar za ka kewaye ta da ƙaya, don akuya ba ta yi mata da sauƙi. Da rani za ta zubar da ganye ta zama kamar sanda; ba mutuwa ta yi ba, kada ka tsige ta.

Ganyen a inuwa ake shanya shi, rana tana kashe masa launi da amfani. In ya bushe a daka, a tankaɗe. Kada a yi mata ƙwal-ƙwal wajen tsinka, a bar mata toho na sama. Garin ƴaƴan ana dama shi da nono ko a sa a kunu don tsami, guntsu a yi daddawa da shi, ɓawon jikinta a murza igiya. Amma ɓawon nan gefe ɗaya kawai ake ɗayewa, kuma sai ta yi ƙwari sosai.

Ka gaida mini mahaifiyarka da yara.