Amsa: Ana iya ganin yadda ƙwayar halitta ke ƙona abinci ba tare da rini ba?

Malam, ka tambaya ko madubin likita zai nuna yadda ƙwayoyin halitta ke sarrafa sukari a rauni ko ƙari. Yana nunawa, amma ba irin madubin da kuka saba da shi a lab ɗin jami'a da ke Samaru ba.

A cikin ƙwayar akwai sinadarai biyu masu haske da kansu. In an haska su da leza, ɗayan mai suna NADH na ba da shuɗi, ɗayan kuma mai suna FAD kore. Gwargwadon wannan a kan wancan shi ke nuna ko ƙwayar na ƙona sukari da iskar oksijin a mitokondiriya (sashen ƙwayar da ke samar mata da ƙarfi), ko tana fasa shi a gurguje ba tare da oksijin ba. Tun shekarun 1920 masanin kimiyya Bajamushe Otto Warburg ya lura ƙwayoyin ciwon daji sun fi bin hanya ta biyu ko da oksijin na nan. Ƙwayoyin bakin rauni ma suna canza salo yayin da suke rarrafowa su rufe shi, shi ya sa abin ya dame ni saboda masu ciwon suga da gyambonsu ke ƙin warkewa.

Sai dai hasken leza ba ya shiga nama fiye da kusan milimita 1. A asibitin koyarwa na Shika har yanzu yankar nama a duba shi ne hujja.