John Smibert: Ya Tafi Koyarwa, Makarantar Ba Ta Tabbata Ba

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zane-zane ne. An ce mana John Smibert na cikin iyayen masu zanen mutane a Amurka, zamanin da take hannun Ingila. Na duba ayyukansa ban ga abin a-zo-a-gani ba. Me ya sa ake kambama shi?

Amsa: Ƙanena, idonka bai yi ƙarya ba. Da yawa daga cikin zanensa attajiran Boston ne da alƙalai da limaman coci, kowa ya ɗaure fuska, tsayuwarsu kusan iri ɗaya. Amma ka fara duba yadda aka yi ya je can.

An haife shi a Edinbura, babban birnin Scotland, a 1688. Da fentin gidaje ya fara, ya koma Landan, sannan ya yi shekaru kamar uku a Italiya yana kwaikwayon ayyukan manyan gwanaye. Wani malamin coci, George Berkeley, ya ja ra'ayinsa su je su kafa kwaleji a tsibirin Bamuda, shi Smibert ya riƙa koyar da zane. Suka sauka a Newport, wani gari a gaɓar tekun Amurka, a farkon 1729, suna jiran kuɗin gina kwalejin. Fam 20,000 da gwamnatin Birtaniya ta yi alkawari ba ta fito ba, Berkeley ya koma gida a 1731. Smibert kuwa ya yi zamansa a Boston, ya yi aure.

Babban zanensa na Berkeley da 'yan tafiyarsa, wanda ke Jami'ar Yale yanzu, ka sake dubansa da kyau. Mutum takwas ne, har da Smibert kansa a gefe, kuma masu zanen yankin sun daɗe suna koyi da tsarinsa.

Ni dai a ganina, ɗakin aikinsa ya fi zanensa muhimmanci. Yana sayar da fenti da burushi, ya kuma rataye kwafe-kwafen da ya yo a Italiya. A ƙasar da babu gidan adana zane ko ɗaya, nan yaro zai fara ganin yadda gwani ke sarrafa haske a fuska. Ganin Smibert ya raunana, ya ajiye aiki, ya rasu a 1751, amma ɗakin bai watse ba. Cikin shahararrun masu zanen Amurka da suka biyo baya, John Singleton Copley ya ƙaru da abin da ke ciki, John Trumbull ma har hayar ɗakin ya yi shekaru kusan 30 bayan rasuwar Smibert.