Kada ka damƙa wa kowa kuɗin sabunta lasisinka

Malam, tambayarka a kan ko lasisin kemis ya isa mutum ya riƙa sayar da na'urar awon hawan jini da ta sukari da keken guragu, da kuma lokacin sabunta shi, ta fama mini tsohon miki.

Lasisin da hukumar PCN mai kula da shagunan sayar da magani ke bayarwa na shekara-shekara ne, yana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. Na san da haka sarai, amma nisan Dutse, inda ake zuwa sabuntawa, daga ƙauyenmu na yankin Gumel ya sa na ba wani mutum kuɗina, wanda yake tattara na masu shaguna da sunan zai kai mana. Ya dawo da takarda har da hatimi, na saka ta a gilashi na rataye. Ranar kasuwa, ina cikin ɗaura wa wata tsohuwa na'urar awon jini a damtse, masu duba shaguna suka shigo, suka sauke takardar, suka ce ta jabu ce. A gaban jama'a aka garƙame ƙofar, tsohuwar tana ta salati, ni kuwa ko takalmina ban samu na ɗauko ba. Mako uku shagon yana rufe, a cikinsa har da na'urar shaƙar magani da na yi wa mahaifin wani yaro mai asma alkawari. Mutumin nan har gobe muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure, yana miƙo mini hannu kamar bai yi komai ba, kuma wallahi ban yafe ba.

Saboda haka ka je da ƙafarka, ka biya ta banki, ka adana rasit.

Sannan lasisin shago daban, rajistar kaya daban. Na'urorin nan NAFDAC ce ke yi musu rajista ta shekara 5, kuma nauyin sabuntawa yana kan wanda ya shigo da su, amma idan aka tarar da maras lamba a kantarka, kai za a riƙe. Ka duba lambar a jikin kwali tun a Kano kafin ka biya, ka karɓi takardar sayayya mai sunan shagon dillalin. Tsinken gwajin sukari ma yana da ranar lalacewa, zafin bazara kuma ba ya raga masa. Takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da ka ambata shaidar sunan kasuwanci ce kawai, ba ta hana a rufe shago.