Tambaya da Amsa: Waɗanne kalmomi zan sa a CV ɗina na aikin manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda, aikina rubuta manhaja da Java. Na yi ta tura CV ta shafukan neman aiki na LinkedIn da Bayt, amma shiru kake ji. An ce na'ura ce ke tace takardun. Waɗanne kalmomi zan sa? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Manyan kamfanoni da yawa suna karɓar CV ta manhajoji irin su Workday, Taleo da SuccessFactors. Manhajar kan kwashe rubutun ta adana, sai jami'in ɗaukar ma'aikata ya buga kalma, a ce "Spring Boot", ta zaƙulo masa masu ita. Wanda bai rubuta ba, ko ya fi kowa iyawa, zai iya zama a ƙasan tari.

Kalmomin suna cikin sanarwar aikin. Tara sanarwa biyar ko shida na irin aikin da kake so, ka ja layi a ƙarƙashin duk abin da ya maimaitu: Java, Spring Boot, REST, PostgreSQL, Docker, Kubernetes. Ɗauki wanda ka taɓa aiki da shi kawai, ka rubuta shi harafi da harafi yadda suka rubuta. In sun ce JavaScript, kada ka taƙaita zuwa JS, domin binciken ba lallai ya haɗa su ba.

Jera su kara zube a ƙasan takarda ba ya wadatarwa. Kowace kalma ta zauna cikin aikin da ka yi da ita: me ka gina, da wane kayan aiki, me ya gyaru. A nan Saudiyya akwai kalmomin da ke ɗaga daraja. In ka taɓa haɗa manhaja da Fatoora, tsarin takardun ciniki na lantarki na ZATCA (hukumar zakka, haraji da kwastan), wanda zangonsa na biyu ya fara a Janairun 2023, ko da katin biyan kuɗi na mada, ko ka gina shafin Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu, ambace su da sunansu. Haka ma matsayin iƙamarka: in ana iya sauya kafala, faɗi tun a sama, don ana duba wannan.

Siffar takarda ma tana kashe mutum. Rubutu mai ginshiƙi biyu, tebura da hotuna sukan rikita manhajar, ta gwamutsa layuka. CV ɗin da aka ɗauka a hoto kuwa, wataƙila ko kalma ɗaya ba za ta karanta ba. Gwada da kanka: kwafe duk rubutun PDF ɗin ka liƙa a Notepad, manhajar rubutu zalla ta Windows. In ya fito a hargitse, sake shi da ginshiƙi ɗaya.

Dabarar nan ta ɓoye kalmomi da farin rubutu, rabu da ita. Da zarar manhaja ta kwashe rubutun, jami'in zai gan su ɓaro-ɓaro, kuma ranar ganawa kan Kubernetes ɗin da ka cusa za a fara yi maka tambaya.