Kwatabak ɗinmu ya ji rauni: shin ɗan benci zai iya riƙe ƙungiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na daɗe ina bibiyar gasar NFL ta ƙwallon Amurka, kuma a makon jiya kwatabak ɗin ƙungiyar da nake goyon baya, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa wa abokan wasansa ƙwallo, ya ji rauni a gwiwa, har an ce ba zai sake buga wasa a bana ba. Hankalina ya tashi, domin wanda zai maye gurbinsa ban taɓa ganinsa a fili ba sai a wasannin share fage. Abokaina suna cewa kakar bana ta tafi, wasu kuma suna cewa dama can albashin banza ake biyan kwatabak na biyu. Shin akwai sauran fata?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Akwai sauran fata, amma girmansa ya danganta ne da irin tanadin da shugabannin ƙungiyarka suka yi tun kafin a fara kaka. A watan Disamba na 2017 Carson Wentz na Philadelphia Eagles ya tsinke jijiyar gwiwa a wasansu da Los Angeles Rams, a lokacin da ake ganin shi ne zai zama gwarzon shekara, kuma magoya bayan ƙungiyar sun shiga irin halin da kake ciki yanzu. Nick Foles, wanda aka ɗauko a farkon shekarar domin zaman ko-ta-kwana, shi ya karɓi ragamar, ya kai su Super Bowl, wato wasan ƙarshe na lashe kofin gasar, a watan Fabrairu na 2018, suka doke New England Patriots da ci 41 da 33, aka kuma ba shi kyautar gwarzon wasan. Kafin shi Jeff Hostetler ya yi wa New York Giants irin wannan aiki a kakar 1990, haka ma Kurt Warner ya yi wa Rams a 1999 bayan Trent Green ya ji rauni tun a wasan share fage.

Maganar albashin banza kuwa ita ce nake so in tsaya a kanta, domin kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu sharhin da ya kamata a ce sun fi ƙarfin irin wannan magana. Mai faɗin haka ranar Lahadi kawai yake kallo, sai ya hango mutum tsaye a gefen fili sanye da hula, da na'urar sauraro a kunne, ya yanke hukuncin cewa ba ya aikin komai. Da zai leƙa sansanin atisaye daga Laraba zuwa Juma'a, da ya ga cewa kusan duk damar gwaji tare da manyan 'yan wasa kwatabak na ɗaya ake ba wa, shi kuma na biyu sau da yawa aikinsa shi ne ya kwaikwayi kwatabak ɗin abokan karawa domin masu tsaron baya su saba da salonsa. Duk da haka wajibi ne ya haddace tsarin wasan makon gaba ɗaya, da sunayen dabarun, da alamun hannu, da yanayin kiran da ake yi kafin a miƙo ƙwallo, ba tare da ya gwada su da jikinsa ba. Idan na ɗaya ya faɗi, 'yan mintoci kaɗan yake da su ya ɗumama hannu ya shiga. Koci zai faɗa masa dabarar da za a yi ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa, amma ana katse rediyon idan saura daƙiƙa 15 a agogon da ke ƙirga lokacin da aka ba su su miƙo ƙwallo, daga nan kuma shi kaɗai ne zai karanci yadda masu tsaro suka jeru, ya sauya dabara idan ta kama, alhali ƙarti masu nauyin fiye da kilo 100 suna shirin afka masa. Wanda ya san ƙwallon ƙafa ya tuna mai tsaron raga na biyu, sai dai shi kwatabak shi ne ke taɓa ƙwallo a kusan kowane hari, shi ne kuma ke sarrafa sauran mutum 10.

Duk mai ganin cewa kowane ɗan wasa mai ƙarfin hannu zai iya tsayawa a wannan wuri, ya dubi abin da ya sami Denver Broncos a watan Nuwamba na 2020. Dokokin cutar korona sun hana dukkan kwatabak ɗinsu buga wasa, sai aka tura Kendall Hinton, mai karɓar ƙwallo wanda ya taɓa buga kwatabak a jami'a. Cikin jifa 9 da ya yi, 1 kacal ya isa hannun abokin wasansa, abokan hamayya suka cafke 2, New Orleans Saints ta lallasa su da ci 31 da 3. Indianapolis Colts kuwa ta ci wasa 10 a kakar 2010, amma da tiyatar wuya ta hana Peyton Manning buga kakar 2011, wasa 2 kawai ta ci cikin 16. A watan Janairu na 2023 San Francisco 49ers ta rasa kwatabak ɗinta biyu, Brock Purdy da Josh Johnson, a wasa guda, wasan da zai kai ta Super Bowl, har ta koma ba ta da mai iya jefa ƙwallo yadda ya kamata, kuma bayan wannan ne hukumar NFL ta dawo da dokar da ta ba ƙungiya damar ajiye kwatabak na uku domin gaggawa.

Abin da ya fi damuna game da wannan raini shi ne lafiyar 'yan wasa. Idan koci da magoya baya suka ɗauka cewa wanda ke benci ba komai ba ne, to duk halin da kwatabak na ɗaya yake ciki za a so ya ci gaba, shi ma kuma zai ɓoye ciwonsa don kada a ce ya watsar da jama'a. A watan Janairu na 2013 an bar Robert Griffin na Washington yana ɗingishi a fili a wasan sili-ɗaya-ƙwale da Seattle Seahawks, alhali Kirk Cousins, wanda ya ci wa ƙungiyar wasa a watan Disamba, yana tsaye a gefe. Gwiwar ta ƙarasa lalacewa a zangon ƙarshe na wasan, aka yi masa tiyata, kuma bai sake komawa yadda yake a shekararsa ta farko ba. Masu ihun cewa namiji ba ya fita daga fili ba su ne za su kwanta a gadon asibiti ba, kuma ba su ne za su rayu da ciwon gwiwa ko buguwar ƙwaƙwalwa har tsufa ba.

Ta fuskar kuɗi ma lissafin bai goyi bayan abokanka ba. Manyan kwatabak a yau suna karɓar fiye da dala miliyan 50 a shekara, abin da ake ba gogaggen na biyu kuwa ɗan ƙaramin kaso ne na wannan, kuma tun daga 2021 wasa 17 ake bugawa a kaka, inda faɗuwa biyu ko uku kan raba ƙungiya da gurbin wasannin ƙarshe.

Sai dai kada ka sa rai cewa ɗan bencinku zai zama Tom Brady, wanda aka zaɓa a lamba ta 199 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2000, ya maye gurbin Drew Bledsoe a New England Patriots a 2001, ya riƙe wurin kusan shekara 20. Irin wannan ba ya faruwa sau da yawa. Abin da za ka lura da shi a wasanni biyu ko uku masu zuwa shi ne ko yana sakin ƙwallo da wuri, ko yana kauce wa jefa ta hannun abokan hamayya, da kuma ko kociyoyi sun sauƙaƙa masa tsari sun jingina da masu gudu da ƙwallo. Idan masu tsaron bayanku suna da ƙarfi kuma yana yin waɗannan, ƙungiyarka za ta iya cin rabin wasannin da suka rage ko fiye, kamar yadda Matt Cassel ya kai Patriots ga nasara 11 a kakar 2008 bayan Brady ya ji rauni a wasan farko.