Robar da Ta Kumbura Ba Laifin Murfi Ba Ne

Ɗana, ka ce robobin kunun aya sun kumbura a cikin kula, har ɗaya ta yi bindiga ta wanke ka, kana tambaya ko murfin ne bai ɗauru ba. Murfin ya ɗauru sarai. Da bai ɗauru ba, da iskar ta sulale ta fice, ba ka ji ƙara ba.

Iskar nan daga cikin kunun take fitowa. Akwai yis da wasu ƙwayoyin da ido ba ya gani a jikin aya, a bawon dabino, a mataci, har a hannunka. Abincinsu sukari. In sun ci sai su fitar da gas, irin wanda ke tasowa in ka buɗe lemon kwalba, tare da tsami da ɗan abin maye. Zafi kuma shi ke ba su ƙarfi. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, ƙanƙara ta narke kafin la'asar. Kunun aya ba a dafa shi, don haka shi ke fara lalacewa. In babu sanyi, wuni guda ma ya yi masa yawa.

Zoɓo ya fi shi haƙuri saboda an tafasa shi, amma kada tsaminsa ya ruɗe ka, yis ba ya tsoron tsami. Masu ɓata shi su ne masu markaɗa ɗanyar abarba su zuba bayan ya huce, sannan su juya da ludayin da ya kwana a bokiti. Ka sa sukari da citta da kanumfari da abarbar duk a kan wuta, ka rufe tukunya ta huce a rufe. Kada ka ɗura da zafinsa, roba lanƙwashewa take yi. Ka bar kamar yatsa biyu a wuyanta, daga nan sai cikin ƙanƙara.

Kowace safiya ka danna roba da babban yatsa. In ta loɓa, lafiya. In ta yi tauri kamar ƙwallo, ta riga ta tashi. Kada ka girgiza ta. Ka fara sanyaya ta, domin ruwa mai sanyi ya fi riƙe gas, sannan ka lulluɓe bakin da tsumma, ka kawar da fuskarka, ka murɗa kaɗan-kaɗan har hucin ya ƙare. Kwalbar gilashi kuwa ban yarda ka ɗura komai a ciki ba. Roba in ta fashe riga ta ɓata maka, gilashi ido yake nema.

Abin da ke cikin robar da ta kumbura kuma a zubar. Na san akwai masu sassauta murfi su ƙara sukari su kai tasha, musamman da azumi da ciniki ke gudu. Ba a shagona ba. Malamai sun kawo cewa tsimin da ake jiƙa wa Manzon Allah (SAW) ba ya wuce kwana uku, saboda gudun kada ya juye. Gobe ka jiƙa rabin ayar da ka saba, in ta ƙare kafin azahar ma ƙara.